Dariyar Mai Fenti

To ai shi ya sa nake ce muku ku daina saurin zagin matar Mai Fenti. Kun san irin zaman da ta yi da shi? Mutum ne da in ya ce "ina kwana" da safe, to ya gama maganar ranar. Ya dawo da ɗigon fenti har a gira, ya wanke burushi a bokiti, ya ci abinci, ya juya wa bango fuska. Ba duka, ba zagi, ba kuma hira. Da aka gano suna da ƙanjamau, ita ta riƙe maganinta. Shi kuwa ya ajiye nasa, wai jiri yake sa shi in ya hau tsani. Ta yi magana har bakinta ya gaji.

Ana nan ana nan, rannan sai ga mutumin ya shigo yana waƙa. Waƙa fa! Ya kama hannunta a gaban yara ya ce, "Maman yara, yaushe kika yi kyau haka ba a gaya min ba?"

"Ikon Allah! Yau kuma wace rana?" in ji ta, tana rufe baki da mayafi.

Daga nan baki ya buɗe kamar famfon da ya lalace. Ya fente ɗakinsu rawaya, ya fente kujeru, ya fente ƙofar maƙwabci ba wanda ya sa shi. Barci kuwa ya ce na malalata ne.

Yayarta ta zo, ta kalle shi, ta ja ta gefe. "Ke, mijin nan naki lafiya kuwa? Idonsa fa ba ya tsayawa wuri ɗaya."

"Haba Yaya! Da yana shiru kun ce gunki na aura. Yanzu ya yi magana kuma ya zama ciwo? Ku bar ni ni ma in ɗana."

Kuma fa ta sani. Ta ga ya tsaya yana laluben sunan autarsu. Ta ga cokali na rawa a hannunsa. Kullum sai ta ce gobe asibiti, goben ta zo ya ba ta dariya har da hawaye, ta sake cewa gobe.

A wani sabon gida abin ya fashe. An ce masa ya shafa farin fenti, ya hau can saman katanga ya dinga kwarara ja a kan tagogi, yana ihu wai layin duka nasa ne. Magina ne suka sauko da shi, suka kawo shi a ɗaure.

Likita ya ce cutar ce ta taɓa ƙwaƙwalwa tunda ya bar magani. Ya tambaye ta tun yaushe ya canja. Ta faɗa. Bai yi mata faɗa ba, gilashinsa kawai ya cire ya murza ido. Wallahi da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Yanzu mijin yana shan magani, ya lafa. Amma hannun ba ya iya jan layi a miƙe, ba mai ba shi aiki. Zama yake a bakin ƙofa. Ta taɓa tambayarsa ko yana tuna kwanakin nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yafe min. Ba ni ba ne."

To ke mai dogon baki, da ke ce, za ki kai mijinki asibiti don ya fara dariya?