Direbobi Sun Fi Yarda da Ƙafarsu

Shekara ashirin da biyu ke nan Kalilu yana faci a gindin wata darbejiya, bakin hanyar da ta fita daga Daura zuwa Sandamu. Yana da gejin auna iska da yake naɗewa cikin tsumma, kuma ya san abin da kowace taya take ɗauka. Sai dai direbobi sun fi yarda da ƙafarsu.

Ranar kasuwa Sabiru direba yakan tsaya, an lafta wa motarsa buhunan gero har ta durƙusa. Kalilu ya ba taya iska, ya auna, ya ce ta isa. Sai Sabiru ya shure ta, ya yamutsa fuska.

"Ƙara, Baba. Ba ka ga kaya ba?"

"Kayan za ka rage, ɗana. Kwalta ta ɗau zafi, iskar nan ƙaruwa za ta yi a hanya."

Sau ɗaya Kalilu ya taɓa ƙin ƙara wa wani direba iska. Direban ya matsa gaba wurin wani mai facin, aka ɗura masa son ransa, tayar ta fashe, fasinja biyu suka karye. Tun daga ranar ba ya korar kowa. Yakan ɗora tiyo a karkace, iska ta yi ta huci a banza, ko ɗigo ba ta shiga.

Haka ya yi wa Sabiru. Sabiru ya sake shurin tayar. "Yauwa, Baba, yanzu ka yi aiki."

Kalilu ya naɗe gejinsa. Duk gaskiyar da ya faɗa a gindin bishiyar nan, babu wadda aka taɓa gode masa a kanta. Ƙaryar ce kullum ake yabawa.