Zomon da Aka Cire wa Kai

A shekarata ta biyu a Alƙahira na haɗa shaƙƙa, wato gidan haya, a unguwar Hayyis Sabi' da wani ɗan Meziko, sabon shiga Musulunci, da ya zo koyon Larabci. Mutum ne mai sanyin hali. Ni kuwa lokacin karatu ya hau mini kai, ko ƙuda ya gifta sai na nemo masa hukunci. Shehi yake ce mini, ni kuma ina amsawa ba kunya.

Ubansa masassaƙi ne a ƙauyensu, a yankin da mata ke ginin baƙaƙen tukwane. Shi yake fitar da dabbobi daga ɗanyen itace, uwar ta yi musu fenti. Tun da ɗan ya musulunta tsohon ya ɗauke masa wuta. Ko ya kira waya, sai dai uwar ta ɗauka.

Ran nan sai ga ƙunshi ta hannun wata 'yar ƙasarsu. Zomo ne na itace, bai wuce tafin hannu ba, shuɗi da ɗigo-ɗigon rawaya, kunnuwa a miƙe. Yana gani ya gane sassaƙar ubansa ce. Ya ɗora shi a kan firji, in ya wuce sai ya dawo ya sake kallo.

Bakina ya ƙi rufuwa. Na ce, "Akhi, wannan fa mutum-mutumi ne. Ko ka fitar da shi, ko ka cire kan."

Ya ce, "Shehi, babu wata hanya?"

Malamai na nan cike a unguwar Darrasa, mota ɗaya ce tsakaninmu, waɗanda za su fara tambayar wa ya aiko da shi kafin su buɗe baki. Amma girman kai rawanin tsiya, na ce masa babu. Ya ɗauki wuƙarmu ta yankan albasa, ba ta da kaifi, ya daɗe yana gurzawa.

Ranar Juma'a bayan mun dawo masallaci wayarsa ta yi ƙara. Tsohon ne da kansa, ta bidiyo. Abokina ya miƙo mini wayar in riƙe masa. Na ga dattijo da hular kaba, yana murmushi, yana nuni da hannu a nuna masa zomon. Aka ɗauko. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Tsohon ya yi tambaya ɗaya, abokina ya amsa da kalma ɗaya, sai wayar ta katse.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya tambaya ko a hanya ya karye."

"Ka ce masa me?"

"Na ce a'a. Musulmi ba ya ƙarya, Shehi."

Bai faɗa da gatse ba, kuma wannan ya fi ƙona ni. Har na bar gidan tsohon bai sake kira ba.