Zabuwar Iya da Buhun Riɗi

Shekarar da rumbunmu ya ƙare tun bazara ba ta raba ba, ɗan irin geron da ke cikin tulu shi ne duk abin da muka mallaka. Baba ya ƙudura zai yi binne, wato ya shuka shi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. In ruwan farko ya yi ƙarfi, ya riga duk mutanen garinmu Madarunfa cin sabon hatsi. In yayyafi ne, iri ya tsiro ya ƙone, mu shiga uku.

Kakata Iya ba ta so, amma Baba ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗi, balle ta yi masa faɗa. Sai ta tara mu bakin murhu bayan isha'i, shi kuwa yana gefe yana gyaran sungumi.

"Ga ta nan tahe, mai kunne shi ji," in ji ta, idonta a kan wuta.

Wai wata zabuwa ce, kullum wata tsohuwa na watsa mata tsaba tafi ɗaya. Ran nan ta tarar da buhun riɗi ya faɗo daga jakin fatake ya fashe, ta ci har ta kasa tashi. Tun daga nan ta tare a bakin hanya. Yau ƙwaya guda, gobe babu, tsabar tsohuwa kuwa kaji ke cinyewa. Ta rame, har shaho ya sure ta ba wuya.

Na tambaya, "Iya, mi ya hana ta komawa gida?"

"Abin da ka tabbata za shi zo, ciki kaɗai ya san da shi. Wanda ba ka tabbata ba, shi ka kama zuciya."

Baba ya ajiye sungumin. Amma da asuba ya ɗauki tulun.

Muka yi ta kallon gabas. Sai ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, gero ya yi kyau, maƙwabta suna ta yi wa Baba barka. Ranar da aka gasa tumun farko, Iya ta ƙi ci. Na ji ta ce a hankali, "Ya tsinci buhun."

Haushinta na ji a lokacin. Da shekara ta kewayo Baba ya sake binne irin duka, aka yi yayyafi, ya ƙone. Ya bi hanyar garin Ɗan Issa ya tafi cirani, Iya ta rasu bai dawo ba.

Sai da na girma na gane ba ranar asara Iya take tsoro ba, ranar sa'a take tsoro. Har yau in sa'a ta faɗo mini ba zato, gabana faɗuwa yake.