Ƙanena Garzali, Mai Gyaran Injin Ban Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Mayu, 2020, muna tsakiyar azumi, Allah ya karɓi ran ƙanena Garzali a gidansa da ke Wudil, bayan zazzaɓi da tari na 'yan kwanaki. Ba a gwada shi ba, don haka ban sani ba ko korona ce. Mutanen gari dai sun riga sun yanke hukunci, shi ya sa sahun jana'izarsa bai cika biyu ba.

Garzali, ni yayarka Safiyatu da na goya ka, na fi kowa sanin taurin kanka. Da aka sa dokar kulle aka rufe kasuwar Juma'a, masu tuwo da 'yan dako da duk mai cin abinci a gefen kara, wato kasuwar shanu, suka wayi gari ba su da na sawa a baka. Ni na ce ka kulle shagonka ka zauna a gida kamar kowa. Kai kuwa sai ka aika wa manoman rani cewa duk wanda injin ban ruwansa ya tsaya za ka gyara masa kyauta, da sharaɗin ya auni hatsi ya kai gidan da za ka nuna masa. Ka ce kai ba ka da rumbu, amma kana da hannu.

Ban ji daɗi ba, kuma ban ɓoye maka ba. Kullum sai labarin rasuwa ya iso mana daga Kano, kai kana kan babur daga Utai zuwa Indabo, takunkumi a fuska, kana bin hanyar gonaki don ka kauce wa shingen jami'an tsaro. In la'asar ta yi ba ka dawo ba, sai matarka Sharifa ta kira ni tana cigiyarka.

Ba zan manta da Alhaji Sanusi na Dagumawa ba. Injinsa ya mutu, shinkafarsa ta fara naɗe ganye, ya zo ya miƙa maka kuɗi. Ka ce, "Alhaji, kasuwa a rufe take. In na kai wa Hansai mai tuwo wannan, dafawa za ta yi?" Ya fusata, ya ce zai ɗauko makaniki daga birni. Hanya a rufe, makaniki bai samu zuwa ba. Washegari sai ga amalankensa ƙofar gidan Hansai da gero, kai kuma ka wuni a fadamarsa cikin rana, da azumi a bakinka, har ruwa ya zubo. Daga baya shi ne ya riƙa zaburar da sauran manoma su ba da hatsi, yana cewa wai kunya ka ba shi. Gidaje da yawa sun sha kunu a azumin nan saboda kai, kuma ba ka taɓa yarda a ambaci sunanka ba.

Yanzu ga inda muke. Tun ranar da aka binne ka, ƙofar gidanka ta zama abin tsoro. Ba a yi zaman makoki ba, na kuma fahimci dalili. Amma masu gaisuwa ta waya suke yi, maƙwabta sun hana 'ya'yansu raɓar zauren, Sharifa kuma tana takaba da yara huɗu. Ina jin haushi, ina kuma jin tsoro kamar kowa.

Allah ya jiƙanka, Garzali. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai yadda ka shayar da gonakin mutane. Allah ya yaye mana wannan annoba. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarmu, da 'ya'yanka, da abokan sana'arka.

Ke kuma Sharifa, Allah ya ba ki haƙuri da dangana. Jiya da na shiga wurinki na tarar da ke kina kakkaɓe gindin buhu don ki dama wa yara abin buɗa baki. A nan na san Garzali bai taɓa nuna wa kowa gidansa don a kai hatsi ba. Kin roƙe ni kada in faɗa wa mutane. Ki yafe mini, ƙanwata, na faɗa.