Yayata Ce, Ba Ma'aikaciya Ba

Duk layin nan babu wanda ya riƙe sunanta na yanka. Anti Kiyaye ake ce mata, kuma ita ta ja wa kanta. Ka ce mata za ka tsallaka titi, "Allah ya kiyaye." Cokali ya faɗi, "Allah ya kiyaye." Doguwar mace ce siririya mai saurin tafiya, an haife ta da tsoro kamar yadda ake haifar wasu da wushirya. In za ta rufe shago sai ta murɗa kan gas, ta kai bakin ƙofa, ta dawo ta sake murɗawa. An taɓa ganinta ta sauka daga mota a tsakiyar hanya ta koma da ƙafa, don kawai zuciyarta ta raya mata ba ta kashe soket ba.

Gidan abincinta ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, tsakanin shagon tela da na mai gyaran firiza. A gaba teburan roba ne da fanka mai ƙara, a baya kuma kicin mai ƙunci, wanda mutum biyu ba sa gifta juna sai ɗaya ya karkace. Ba daga sama ta faɗo cikinsa ba. Da kula biyu ta fara, a ƙofar wata masana'anta, tana zuba wa leburori shinkafa da miya a tsaye cikin rana har fatar goshinta ta canza launi. Don haka duk cokalin da ke shagon nan ta san ranar da ya shigo.

Sai dai bari in faɗi abin da masu layi da tsakar rana ba duka suka sani ba. Abincin da suke rububi a kai ba hannun Anti ba ne. Anti ta iya cefane, ta iya lallashin kwastoma, amma miyarta, tsakani da Allah, sai dai a ci don kara. Hannun Yaya ne. Yaya yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ta, ita ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da mijin Yaya ya rasu ta zo wai za ta kama wa ƙanwarta aiki na kwana biyu. Kwana biyun nan har 'ya'yan Anti suka shiga firamare suka gama bai ƙare ba.

Albashi kuwa ba a maganarsa. Sau ɗaya Anti ta gwada miƙa mata ambulan a ƙarshen wata, Yaya ta ajiye ludayi ta dube ta sama da ƙasa.

"Ni za ki biya, Auta? Da nake wanke miki kashi nawa kika ba ni?"

Daga ranar Anti ta kama kanta. Takan yi mata sutura, ta sayi maganin hawan jininta, ta biya wa ɗan Yaya kuɗin makaranta, a haka suke zaune lafiya.

Maganar inshora mai benen ne ya kawo ta, bayan wani shago a bayan layi ya ƙone ƙurmus. Ya ce duk mai kunna wuta a ƙasan gininsa ya yi, ko ya kwashe kayansa. Tela ya yi ta guna-guni shi da ko wuta ba ya kunnawa, amma Anti kamar an sosa mata inda ke mata ƙaiƙayi. Ashe har akwai masu sayen tsoron mutum su riƙe masa? Ranar da mai inshorar ya zo, wani matashi mai lakataye, kaza guda ta sa aka soya masa.

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Abu uku ne, in ji shi. In an yi gobara, za su biya. In kwastoma ko wani baƙo ya ji ciwo a cikin shagon, za su biya. In ma'aikaci ya ji ciwo a bakin aiki, shi ma za su biya, amma fa sai wanda aka ba da sunansa tun farko. Anti ta lissafo masa su: mai wanke-wanke, mata biyu masu kai abinci tebur, da mutumin da ke kai oda a babur. Ya ɗaga kai ya nuna ƙofar kicin da haɓa, inda Yaya ke tsaye da ludayi, gumi har wuya.

"Waccan baiwar Allah fa?"

Anti ta dafe ƙirji. "Kai, rufa mini asiri! Yayata ce, ba ma'aikaciya ba."

"Gaya masa dai," in ji Yaya, ta juya ta koma kan tukunyarta.

Shi kuwa ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da cin kazarsa. Ni har yau haushinsa nake ji. Kana ganin mace da ludayi, kana jin ƙaurin hayaƙi a jikinta, ba za ka ƙara tambaya ɗaya ba? Amma ita Anti a ranta girmamawa ta yi. A gidansu ba a jera babba da 'yan aiki, ko da a bakin baƙo ne.

Abin ya faru ne da tsakar rana, shago cike, ana ta kiran a ƙaro miya. Yaya ta saba ɗage kaskon suya daga babban murhu zuwa ƙarami da tsumma a hannu, ba ta jiran kowa. Ranar ruwan wanke-wanke ya malalo ƙasa. Santsi ya kwashe ta, kaskon ya karkata, ga mai wanke-wanke a tsugune daidai ƙarƙashinsa. Da ta saki, a bayan matar zai juye. Ba ta saki ba. Tafasasshen man ya bi hannunta na dama tun daga yatsu har gwiwar hannu.

Anti tana karɓar oda ta ji ƙarar. Ba ta taɓa jin Yaya ta yi ihu ba, ko a ranar da aka fita da gawar mijinta. Da ta shiga ta ga fatar hannun ta yi fari tana saɓulewa, ta ƙwala wa tela da mai babur kira, suka cicciɓi Yaya zuwa mota.

A asibiti aka wanke, aka naɗe, aka ba ta gado. Bayan 'yan kwanaki likita ya ja Anti gefe. Ya ce ƙunar ta yi zurfi, ta kai jijiyoyi. Sai an yi aiki a babban asibiti, a yanko fata daga cinya a dasa, kuma ba a jinkiri da shi. In aka bari ciwon ya warke da kansa, yatsun za su ƙanƙance su lanƙwashe, ba za su ƙara miƙewa ba. Da ya faɗi abin da aikin zai ci, Anti ta san ko ta haɗa firiza da tebura da tukwane ta sayar ba za ta kai rabi ba. Amma ta yi ajiyar zuciya, don ai tana da inshora.

A bakin ƙofar asibitin ta kira su. Wata murya mai sanyi ta tambaye ta sunan ma'aikaciyar. Ta buɗe baki, sai ga fuskar mai lakatayen nan a idonta, da kazar a hannunsa. Sunan Yaya ba ya cikin waɗanda ta ba shi. Ta kashe wayar.

Mai gyaran firiza shi ya same ta zaune a kan buhun albasa tana kallon bango. Lauya ake ce masa, don babu shari'ar da bai san yadda za ta ƙare ba, ko da yake ƙofar kotu bai taɓa takawa ba. Ya saurare ta, ya goge hannu da tsumma.

"Haba Anti, wannan ne ya hana ki cin abinci? Ba sun ce baƙo ma suna biya ba? To ai shi ke nan. Yaya baƙuwa ce. Gaisuwa ta zo, ta leƙa kicin, tsautsayi ya afka."

"Ƙarya kenan, Lauya."

"Da bakinki kika ce musu ba ma'aikaciya ba ce. Yanzu kuma in kin ce ma'aikaciya ce, waccan ta zama ƙarya. Ki zaɓi wadda za ta cece hannu."

"In suka gane fa?"

"Ɗauri ne," in ji shi, kamar mai faɗin farashin tumatir. "Amma wa zai gaya musu?"

Ta sake kiran masu inshorar ta faɗi yadda ya tsara mata. Suka ce za su turo mai bincike. Yaushe? Ba su faɗa ba.

Daga nan Anti ta san cewa duk tsoron da ta yi a baya wasan yara ne. Ta kwashe silifas ɗin Yaya daga bayan ƙofar kicin, da 'yar kujerar da take zama tana yanka albasa, da kwalbar maganinta da ke kan kantar shago, ta cusa su a buhu ta kai shagon Lauya. Ta tara ma'aikata ta ja musu kunne, mai wanke-wanke tana ta sharar hawaye. Duk wanda ya shigo da jaka a rataye sai gabanta ya faɗi. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai ta leƙa. Ta koma kan tukunya da kanta, kwastomomi suna barin rabin faranti. Kullum ta je asibiti kuma sai ta ga kamar yatsun da ke leƙowa daga bandejin sun ƙara dunƙulewa.

Mafi wuya shi ne gaya wa Yaya. Ta zauna a bakin gadon ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da shi.

"Yaya, in sun tambaye ki, ki ce gaisuwa kika zo. Ki ce ba kya shiga kicin ɗin. Don Allah, Yaya. Hannunki ne."

Yaya ta kalli silin. "To," ta ce.

Mai binciken mace ce, dattijuwa mai tabarau, ga ladabi kamar me. Da ta zo da faɗa da ya fi wa Anti sauƙi. Ta yi gaisuwa, ta yi jaje, ta shiga kicin ta tsaya tana kallon murhu da inda man ya ɓata bango.

"Ranar wa ke girki?"

"Ni ce."

"Baƙuwa kuma ta ɗauki kaskon mai?"

"Taimako ne. Kin san manya."

Ana cikin haka wani direba da ya saba cin abinci a nan ya ɗaga murya daga tebur, baki cike. "Anti! Yaya jikin mai miyarmu? Wallahi tun da ta kwanta mun shiga uku!"

Anti ta juya da sauri. Ta yi wata dariyar da ita kanta ba ta gane ta ba, ta ce masa ya ci abincinsa. Dattijuwar ba ta ko waiwaya ba. Ta gyara tabarau kawai, ta ce za ta so ta duba mara lafiyar.

A asibiti ta roƙi Anti ta jira a waje. Anti ta zauna a benci, ta miƙe, ta sake zama. Ana ta wucewa da marasa lafiya a keke, warin magani na hawa mata kai. Ta hango kanta a gidan yari, ta ga an garƙame shagon, ta ga 'ya'yanta ana nuna su da baki a layi. Babu addu'ar da ba ta jawo ba, sai dai ta rasa me za ta roƙa, don ba ta san yadda ake roƙon Allah ya sa ƙarya ta karɓu ba.

Ƙofa ta buɗe. Dattijuwar ta zo ta tsaya kusa da ita, ta rage murya.

"Yayarki ta ce ita ce mai girkin shagon tun kafin a sa fanka. Abin da kika gaya mini ɗazu zan ɗauka ban ji ba, ba zan kai ki gaba ba. Amma ba za mu iya biya ba. Ki yi haƙuri. Allah ya ba ta lafiya."

Anti ta shiga ɗakin. Yaya na kwance, ta juya fuska gefe, hannun a kan matashi.

"Yaya, me ya sa?"

"Na yi niyya, Auta, wallahi na yi niyya. Ta tambaye ni ko na taɓa shiga kicin ɗin. Na buɗe baki in ce a'a, ya ƙi fita." Hawaye ya gangaro mata zuwa kunne. "Ba ni da gida, ba ni da miji. In na ce ban san kicin ɗin nan ba, to ina na kai shekarun?"

Anti ta durƙusa a gefen gadon. Ta fasa faɗan da ta shigo da shi.

"Ni na kasa kallon hannun nan," in ji Yaya. "Zan motsa yatsun, ke ki duba mini. Ki gaya mini gaskiya."

Ta runtse ido, ta cije leɓe, jijiyar wuyanta ta tashi don ƙoƙari. Anti ta zuba wa yatsun ido. Suna nan a dunƙule a bakin bandejin, ko gezau.

"Suna motsi?"

"Suna motsi, Yaya."