Kyanwar da Tela Ya Tsana

Duk layin an san tela da abu biyu: ɗinkinsa ba ya warwarewa, fuskarsa ba ta sakewa. Ya tsufa a kan keken ɗinki, alli a bayan kunne, ba wanda ya taɓa ganin dariyarsa. Kyanwar matarsa kuwa, kullum mita yake a kanta: "Wannan abar ta cika mini shago da gashi! Sai ta bar gidan nan."

Ƙarya yake yi, bawan Allah. Da matar ta tafi kasuwa sai ya sakaya ƙofa, ya tattaro ragowar ƙyallaye, ya ɗinka wa kyanwar 'yar riga mai aljihu. Aljihu fa, jama'a! Me kyanwa za ta zuba a ciki? Ya ɗauke ta hoto, ya tura cikin ma'ajiyar ɓoye ta wayarsa. A ganinsa ko aljani bai isa ya leƙa ba.

Bai lura ba, lambar buɗe wayar ita ke buɗe ma'ajiyar. Lambar kuwa matar ta haddace ta, don in hannunsa na kan aiki ita ke amsa masa kira.

Ran nan sai ga ƙanwar matar da kwando.

"Maigida, ka huta," in ji matar. "Ta zo ɗaukar kyanwar."

"Madalla," ya ce, ya hau taka keke ba zare. Yana ji aka cusa ta a kwando, tana kuka. Sun kai bakin ƙofa ya yi gyaran murya.

"An ce... ba ta son madara mai sanyi."

"Wa ya ce?"

Ya ci gaba da taka keke.

"To kayanta fa?" in ji matar. "Da mai aljihun za ta tafi, ko da jar hular?"

Ta ɗauki wayarsa, ta danna, ta miƙa masa. Ga kyanwa da hula, ga ta da kwala a wuya. Hoton ƙarshe kuwa ba shi ya ɗauka ba: shi ne a kujera yana barcin rana, baki buɗe, kyanwar a ƙirjinsa, ya rungume ta. Ƙanwar har ta durƙushe don dariya.

Tela ya kalli hoton. Sannan ya miƙe, ya ƙwace kwandon.

"Ba inda za ta," ya ce. "Rigar ta matse ta a hammata, ban gama gyarawa ba."