Zanen da Inna ta yanka

Jiya a unguwar Roumdé Adjia na ga wani mai babur yana goge taya da tsumman saƙi. Ɗinkin bakin tsumman na gane: hannun marigayiya Inna ne, ƙanwar kakata.

Ita ta ɗinka mana kayan wasan kwaikwayonmu na fataken da. Na kai mata yadi mai sheƙi, na ce, "Inna, yi da wannan kawai. Daga nesa wa zai gane?"

Ta murza shi da yatsu, ta taɓe baki. "Wanda ya sa zai gane, ɗan nan. Ko tafiyarsa sai ta canza."

Ta buɗe akwatinta, ƙamshin turare da tsohon shuni ya cika ɗakin. Zanen saƙin da mahaifiyarta ta bar mata ta yanka, ta yi wa madugu riga, tana tsinke zare da haƙori.

Ranar wasan ni aka tafa wa. Ban ko tuna in aika a ɗauko ta ba. Rigar kuma na yar a sito, ban sake waiwayarta ba.

Allah ya tufatar da ke da kayan Aljanna, Inna. Ni kuwa ya yafe mini, tunda ba kya nan balle in roƙe ki.